Ranar da 'Yar'azumi Ta Kira Sunan Mijinta

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalekwale a Tudun Tarwaɗa, wani ɗan ƙauyen masunta da ke bayan Guri, hancinsa ne ke fara gaisawa da 'Yar'azumi kafin idonsa. Shekara hamsin da 'yan kai tana bandar kifi a gindin tsamiyar bakin ruwa. Hayaƙi ya shiga zanenta, ya shiga gashinta, har jikokinta na cewa ko Makka aka kai ta ta ɓace cikin mahajjata, da ƙanshin tarwaɗa za a gano ta.

Ana tsakiyar azumi aka haife ta, shi ya sa sunan ya bi ta, na yanka kuwa ya ɓace tun tana goye. A wurin uwarta ta koyi sana'ar: yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke, itacen da ke ba kifi ja da wanda ke sa masa ɗaci, da lokacin da ake juya karfasa kafin ta fashe. Ta auri Badamasi masunci a shekarar babban fari, lokacin da kogi ya janye har yara na wasan langa a tsakiyarsa. Mutane suka ce wace mai hankali ce za ta auri masunci a shekarar da babu ruwa. Ta ce ai ba kogin za ta aura ba, kuma ruwa zai dawo. Ya kuwa dawo, har ya cinye musu ɗaki sau uku.

Baki kam Allah ya ba ta. Dillalan kifi na Haɗeja sukan yi bisimilla kafin su taya kwandonta. Ta san sunan kowa a garin, ta san na uwarsa, ta san abin da kakansa ya yi da bai kamata ba. Amma akwai sunaye biyu da ba su taɓa bi ta harshenta ba: na mijinta, da na ɗanta na fari, Mustapha. Mijin dai "Malam" ne, ko da yake karatunsa bai wuce izu biyu ba. Ɗan farin kuwa ko wannan bai samu ba. Shi "wancan" ne. Mustapha ya yi furfura, yana da gonar shinkafa a Auyo, yana da surukai, amma in ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In ya kawo buhun shinkafa, sai ta dubi autarta Ummussalma ta ce, "Ki ce wa wancan an gode," alhali yana tsugune a gabanta.

Jikoki uku aka sa wa sunan Badamasi. Ta raba musu nasu: Babban Maisuna, Ƙaramin Maisuna, da Maisuna Mai Majina. Da masu yin katin zaɓe suka tambaye ta sunan miji, maƙwabciya ta aika aka kira ta zo ta faɗa. Matan zamani na garin suna kiran mazajensu da suna, wasu har da gutsire shi, ita kuwa in ta ji sai ta tofar da yawu ta ce duniya ta zo gangara.

To, a bazarar bana ne abin ya faru. Zafi ya yi zafi, ga ta kullum a bakin wuta. Sai ta fara jin raɗaɗi in ta zaga bayan gida. Wa za ta gaya wa? Malam? Allah ya sawwaƙe. Sai ta yi wa kanta magani irin na masu dabara: tunda fitar ruwan ce ke da zafi, to a daina zuba shi. Ta rage shan ruwa. Ta tsayar da mai tallan magani a babur, ya haɗa mata ja da rawaya, ya ƙara mata wata 'yar fara ta barci kyauta. Kwana uku tana haɗiya, jikinta na zafi tana cewa wutar banda ce.

Ranar Asabar da hantsi bakin ruwa ya cika. Masunta sun dawo, dillalai na ciniki, mata na fafe kifi. 'Yar'azumi ta ɗaga kai daga wutarta, ta hango mijinta yana warware koma, ta buɗe murya yadda har na tsallake zai ji.

"Badamasi. Kai Badamasi, miƙo min kwandon nan."

Wurin ya yi tsit, har ana jin tsalle-tsallen kifi a cikin jirgi. Badamasi ya waiga bayansa yana neman ɗaya daga cikin jikokin. Babu ko Mai Majina.

"Da kai nake, Badamasi na Hansatu, mai kunne kamar faifai."

Faranti ya suɓuce daga hannun wata mata. Ladan, da ya zo sayen kifin miya, ya yi salati ya koma gida ba tare da kifin ba. Badamasi kuwa ya ɗauki kwandon ya kai mata, don bai san abin da ake yi a irin wannan hali ba. A shekara hamsin da biyu ba a taɓa shirya shi ba.

Aka buga wa Mustapha waya, ya taho daga Auyo a babur. Yana durƙusawa ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Mustapha, ka yi ƙiba." Mutum ɗan shekara hamsin ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da kuka. Aka rasa ko na tsoro ne ko na murna, shi ma bai sani ba.

Garin ya yanke hukunci nan take: aljanin ruwa ne. Wata tsohuwa ta rantse cewa a cikin kifin ranar Alhamis akwai wata tarwaɗa mai kallon mutane. Aka yi tofi, aka yi rubutu, aka turara mata hayaƙi. Hayaƙin ne bai yi komai ba. Matar da ta shekara hamsin a cikin hayaƙi, wane turare ne zai ba aljaninta tsoro? Zuwa Litinin ta fara ganin karfasa na iyo a rufin ɗaki, ta jera matasan kai a kan wayar banda, ragar da take jera kifi a kai, tana neman ashana.

Ummussalma, wadda ke aure a Haɗeja, ta iso da safe. Ta taɓa goshin uwarta, ta dubi leɓenta da ya bushe, ta ce, "Baba, ruwa ba ya tsami banza. Asibiti za mu."

Aka sa ta a kwalekwale, aka ratsa ciyawar kacalla, aka hau mota, har wani asibiti a cikin Haɗeja da ke da ɗaki na musamman don waɗanda aka kawo a guje kansu ya juye. Likitan ɗakin wani matashi ne mai tabarau, ana ce masa Dokta Haris. Suna kwantar da ita ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Sannu Iya," in ji likita. "Ina muke yanzu?"

"Tsakiyar ruwa. Kai kuma ka miƙe tsaye za ka kifar da mu. Zauna."

Ya jawo kujera ya zauna.

"Yau wace rana ce?"

"Tambayi kifin da ke kan hularka."

Ba shi da hula, amma sai da ya shafa kansa. Ya nuna tsohon da ke raɓe a bakin ƙofa. "Wannan bawan Allah fa, kin san shi?"

"Badamasi ne. Badamasi, shigo mana, ka tsaya kamar an aiko ka."

"Wancan fa?"

"Mustapha. Ɗana na fari. Ni na haife shi."

"Madalla," in ji likita, yana rubutu da fara'a. "Ko ba komai ta gane iyalinta, ta kira su da sunansu. Wannan alama ce mai kyau."

Ummussalma ta dafe ƙirji. "Likita, ai nan ne ciwon yake."

Bai ji ta ba, yana ba da umarnin a ɗebi jini da fitsari. Da sakamako ya fito ya tara su a baranda ya yi musu bayani, kuma a gaskiya yaron ya san aikinsa.

"Baba, ba hauka ba ne, ba kuma aljani ba. Ruɗewa ce. Jikin tsoho ba kamar na yaro ba ne. Ciwo kan kama shi a mafitsara ya fito masa ta ka. Ga ƙwayar cuta, ga zazzaɓi, ga jiki babu ruwa, ga magungunan da ba a san asalinsu ba. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake kawo mana a ɗaure, wai sun haukace, irin wannan ne, kuma in an yi maganin jikin kan yakan dawo cikin 'yan kwanaki."

"In bai dawo ba fa?" in ji Mustapha.

"In jiki ya warke kai bai dawo ba, to wataƙila ciwon mantuwa na tsufa ne ke kwance a ƙasa. Wannan sai mu tura ta babban asibitin ƙwaƙwalwa, can nesa, su riƙe ta su bincika."

Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka fara allurai. Kwana biyu tana tuƙa gadon da ƙarfen ƙarin ruwa, tana yi wa ma'aikatan jinya faɗa su daina tafiya a kan kogi. Ranar Laraba ta yi barci mai nauyi.

Ranar Alhamis da safe 'Yar'azumi ta buɗe ido ta ga farin rufi da fanka. Babu karfasa ko ɗaya. Ta ga roba a hannunta, ta ji kanta sakayau kamar an share ɗaki. Abin da ya fara zuwa mata shi ne abin da ke fara zuwa mata kowace safiya.

"Wa ke kula da wutata?"

"Iya, kin tashi?" in ji Ummussalma. "Maƙwabciyarmu Asabe ce ke duba miki."

"Asabe? Wadda ba ta san itacen kirya da na dalbejiya ba?"

Sai ta hango mijinta zaune a kan benci, ya yi zuru-zuru. Ta yi maza ta ja mayafi. "Malam, me ya kawo ka ɗakin mata?"

Badamasi ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Ta ce Malam."

Mustapha ya matso ya durƙusa. "Iya, ya jiki?"

Ta juya ta dubi ƙarfen ƙarin ruwa ta ce masa, "Da sauƙi."

Ummussalma ta rangaɗa guɗa 'yar ƙarama, wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce nan asibiti ne. Babu wanda ya gaya wa tsohuwar abin da bakinta ya aikata. Sun haɗa ido su uku, sun yarda a binne zancen.

Can sai ga Dokta Haris da takardunsa. Ya tambaye ta inda take, ta ce asibiti ne, kuma daga warin ta san na Haɗeja ne. Ya tambayi rana, ta ce Alhamis, ta faɗi kwanan wata, ta ƙara masa da cewa gobe kasuwar ƙauyensu kuma tana da kifi a kan wuta. Ya faɗa mata abu uku ta riƙe, tsintsiya da agogo da rago. Bayan an jima ta maido masa su, ta tambaye shi ko ragon na sayarwa ne. Likita na ta murmushi. Saura tambaya ɗaya ya rufe takarda.

"To Iya, wannan da ke kan benci, mene ne sunansa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Iya? Kin san shi?"

Ta gyara mayafi. Wannan yaro ba shi da ta ido. A gaban 'ya'ya?

"To bari in sauƙaƙa. Wane ne mijinki?"

Ta ga hanyar zillewa, irin wadda kowace kaka ke bi da jikanta. "Ai kai ne, angona. Ina cefanen?"

Murmushin likita ya ɗauke. Matar da ranar Litinin ta ga kifi a kan hular da ba ya sanye da ita, yau ta ce shi ne mijinta. "Iya, wasa kike ko da gaske?"

"Kai dai kawo cefane."

Ya nuna Mustapha. "Wannan fa? Ɗanki ne?"

Ta dubi fanka. "Ɗan mutane ne."

Biro ya fara gudu a kan takarda. Ummussalma ta miƙe. "Likita, kunya ce fa. Iya ba ta faɗin sunan Baba, ba ta kula Yaya. Haka muka taso muka gan ta. Warkewar ke nan."

"Hajiya, na san al'adar, kakata ma haka take," in ji shi. "Amma ni abin da na gani da idona nake rubutawa. Ranar Litinin ta san su, ta kira su. Yau zazzaɓi ya sauka, ba ta kira kowa ba, ta ce ni ne mijinta. Kuma ku yi haƙuri, duk dangin da suka gaji da zaman asibiti haka suke ce min, ai haka yake tun asali. Watan jiya na saki wani tsoho a kan irin wannan magana. Bayan kwana biyu a kan hanyar Nguru aka tsince shi da buta, wai zai je gaishe da uwarsa. Ba zan sake ba." Ya zaro wata takarda. "Motar asibiti za ta tashi bayan azahar. In kafin nan ta nuna min ta san mutanen nan, gida za ta. In ba haka ba, can za a kai ta."

'Yar'azumi ta dubi takardar. Ta san wannan asibiti a bakin mutane. Tafiyar yini ce, babu kogi, kuma a Tudun Tarwaɗa duk wanda aka kai can, ko ya dawo garau, sunan ya bi shi har kabari. Wa zai sayi kifin wadda aka kai gidan mahaukata?

Badamasi ya matso bakin gado yana murza hula. "Mai banda," haka yake kiran ta, "faɗi sau ɗaya mu tafi gida. Na yafe."

"Ai kunyar ba taka ba ce, Malam, balle ka yafe."

"Iya, ki raɗa masa a kunne," in ji Ummussalma.

"Kunnen likita ba kunne ba ne?"

"To ki faɗi rabi, ni in ƙarasa."

"Rabin tsirara ai tsirara ce."

Likita ya duba agogo, ya buɗe takardar ranar Litinin. "Iya, ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Da bakinki kika faɗe shi a ɗakin nan. Sau goma sha ɗaya, na ƙirga."

"Wa?"

"Ke."

"Ni?"

Ta dubi Ummussalma, Ummussalma ta dubi ƙasa. Ta saci kallon wancan, wancan yana karanta takardar da ke manne a bango, wadda ta ce a riƙa wanke hannu. Ta dubi Malam.

"Ba a nan kaɗai ba," in ji Badamasi a hankali, don shi mutum ne da bai iya binne zance ba. "Har a bakin ruwa. Ranar Asabar. Har da sunan mahaifiyata. Ladan ma yana wurin."

'Yar'azumi ta ja zanen gado ta lulluɓe tun daga ƙafa har ka, ta miƙe sambal kamar gawar da aka gama wa wanka.

A ƙarƙashin zanen ta yi shawara da zuciyarta. Da farko ta ga ai gara motar. A kai ta can nesan, inda ba a san ta ba, ta ƙare kwananta cikin mutanen da ba su je bakin ruwa ranar Asabar ba. Shekara hamsin da biyu tana gini, zazzaɓin kwana uku ya rushe. Da wane ido za ta dubi matan zamanin da take tofar wa yawu? Har ta fara shirya wasiyya. Sai wasiyyar ta kai kan wayar banda, daga wayar banda sai ga Asabe a idonta, tsugune a gindin tsamiyarta, tana cusa ɗanyen itacen dalbejiya a wutarta, tana sayar wa dillalan Haɗeja kifi mai ɗaci da sunan 'Yar'azumi.

Ta yaye zanen ta tashi zaune.

"Ɗan nan, ajiye biron. Ni ba zan faɗa ba, ko motar jirgin sama ce. Amma kai bakinka ba shi da linzami. Ka kira sunayen maza, duk wanda ka ga dama. Wanda ba shi ba, zan gaya maka ba shi ba ne."

Likita ya ajiye biron. Babu wannan a cikin abin da aka koya masa, amma babu inda aka hana. Ya gyara tabarau.

"Sunan mijinki Haruna?"

"Allah ya kiyaye. Haruna ɗaya ne a garinmu, shi ne ya ɗaura igiyar koma a ƙafarsa ya yi barci, wani ƙaton kifi, ragon ruwa, ya ja shi har tsallake."

"Inuwa?"

"Ya nema, na ƙi. Da baki buɗe yake tauna. Ya rasu shekarar da ambaliya ta ci makaranta. Allah ya jiƙansa, amma da baki buɗe yake tauna."

"Fannami?"

"Mai kanwa? Ya fi ni surutu. Da mun yi aure wa zai saurari wani?"

"Khalid?"

"A zamaninmu ba a ɓata rago a kan wannan."

"Badamasi?"

Mayafi ya sauko har haɓa. Daga kan benci aka ji tsoho ya yi gyaran murya irin ta wanda aka yaba.

Likita bai yarda da sau ɗaya ba. Ya bari ta buɗe fuska, ya yi kamar zai rufe takarda, sai ya jero da sauri: "Ahmed, Badamasi, Haris?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Na farko dillali ne, na ƙarshe kai ne, angon da ba ya cefane. Na tsakiya kuwa," ta ja mayafi, daga ciki muryar ta ci gaba, "haƙoransa tara, huɗu a sama biyar a ƙasa, ɗaya na girgiɗi. Akwai tabon ƙugiya a cinyarsa ta dama. Ba ya cin kifin gaiwa, wai tana kama da kawunsa. Shekarar da ruwa ya fara cin ɗakinmu, ya ɗauki akuya ya bar ni. Shekarar da aka kawo injin ban ruwa kuma, ranar wata Juma'a, ya dawo gida ba wando, ya ce wai kada ne ya..."

"Likita, ta warke," in ji Badamasi, ya miƙe tsaye. "Na rantse ta warke. Sallame ta."

"Bari ta ƙarasa, Baba, gwaji ne," in ji likita.

"Gwajin ya isa haka. Ka tambaye ta game da yaron."

Likita ya danne dariya ya nuna Mustapha. "Saura wannan, Iya. Kin ce ɗan mutane ne."

Ba ta dubi Mustapha ba. Ƙarfen ƙarin ruwa ta fuskanta, ta yi masa magana kamar tsohuwar ƙawa. "Wani dai ranar Laraba aka haife shi, ana ruwan sama, a cikin jirgi, kafin a kai gaɓa. Da cindo ya zo a hannun hagu, wanzami ya cire ranar suna. In ana so a duba, tabon na nan. Kuma a gaya masa ya rage cin tuwon dare, ya yi ƙiba."

Mustapha ya juya hannunsa na hagu. Likita ya leƙa, ga ɗan tabo nan gefen ƙaramin yatsa. Mustapha ya fita baranda da sauri, wai zai amsa waya, wayar kuwa tana kan benci.

Dokta Haris ya ninke takardar turawar ya sa a aljihu. "Iya, na ba ki gaskiya. Gobe da safe gida." Ya juya ga sauran. "Amma da sharaɗi. Ta shanye maganin nan duka. Ta riƙa shan ruwa, ko tana so ko ba ta so. Mai babur kuma ya nemi wata. Bayan sati biyu ku dawo da ita in sake duba kanta, don wanda ya taɓa irin wannan ruɗewar yakan sake. Ke kuma Iya, in wani wuri na ciwo, ki faɗa."

"In faɗa wa wa?"

"Ko ƙarfen nan ne ki faɗa wa, in dai Ummussalma na kusa." Ya dubi Badamasi. "Baba, in abin zai dawo, ku ne za ku fara gani, kuma ranar za ku kawo ta, ba bayan kwana uku na hayaƙi ba. Wace alama za ku lura da ita?"

"Ai mai sauƙi ce. In ta kira sunana."

Likita ya buɗe katinta ya rubuta da manyan baƙaƙe, don duk wanda ya gaje shi a ɗakin ya gani: idan ta faɗi sunan mijinta, a karɓe ta da gaggawa.

Washegari da hantsi mota ta sauke su a bakin ruwa. 'Ya'yan suka shiga jirgin gaba da kaya, tsofaffin biyu suka shiga nasu. Badamasi na tuƙi, ita tana zaune a tsakiya da gorar ruwa a cinya, an ce ta shanye kafin a isa. Suka shiga hanyar da aka sare a cikin kacalla. Tun daga nan take shinshina iska, tana neman ɗacin dalbejiya.

"In mun isa," ta ce, ba ta waiga ba, "duk wanda ya tayar da zancen Asabar, zazzaɓi ne ya yi magana. Ni ban san an yi ba."

"Haka ne."

"Ladan kuma a kai masa tarwaɗa biyu."

"Za a kai."

Ya yi tuƙi kaɗan. Ya yi gyaran murya. Ya sake yin tuƙi.

"Mai banda."

"Na'am, Malam."

"Ni fa tun da tsohuwata ta rasu ban ji an kira shi yadda ya kamata ba. Dillalai gutsire shi suke yi. Ke kuwa kin ja shi har ƙarshe, kin ba kowane harafi haƙƙinsa." Ya dubi kacalla hagu da dama. "Ga shi babu kowa a nan sai tsuntsaye. Ko za ki ƙara ɗaya, ya cika goma sha biyu?"

'Yar'azumi ta ɗaga gorar ta sha ruwa mai yawa, ta rufe, ta goge baki da gefen mayafi.

"Juya jirgin nan, Malam," ta ce. "Gadon asibitin bai huce ba, kuma likitan ya iya aikinsa. Kai ya kamata mu bar masa."

Badamasi bai juya ba. Ya ci gaba da tuƙi yana murmushi da haƙoransa tara, har tsamiya ta bayyana, da wani baƙin hayaƙi da ke tashi a gindinta wanda tun daga nesa aka san ba na kirya ba ne.